Kowace Tafireta da Tabonta

A watan Oktoban 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓen gwamna da ta zauna a Birnin Kebbi ta yanke hukunci kan ƙarar da Manjo Janar Aminu Bande mai ritaya, ɗan takarar PDP, ya shigar yana ƙalubalantar nasarar Dokta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu. Cikin ƙunshin ƙarar akwai maganar da ba ta shafi ƙuri'a ko rumfar zaɓe ba. Maganar takarda ce guda ɗaya, shaidar karatun sakandare daga Kwalejin Sultan Abubakar ta Sakkwato, wadda mataimakin gwamna, Sanata Umar Abubakar Tafida, mutumin Argungu, ya miƙa wa hukumar zaɓe. Masu ƙara suka ce ta jabu ce. Kotu ta ce ba su kawo hujjar da ta tabbatar da haka ba, ta kori ƙarar. Kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahunta a watan Nuwamba, Kotun Ƙoli kuma ta rufe maganar a Janairun 2024.

Wanda ke mamakin yadda lauyoyi suka riƙe takardar mataimaki da hannu bibbiyu, ya tuna Bayelsa. Ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa saboda matsalar takardun mataimakinsa. Sashe na 182 na kundin tsarin mulki ya haramta takarar gwamna ga wanda ya miƙa wa hukumar zaɓe takardar jabu, gwamna da mataimakinsa kuwa kwalekwale ɗaya suka shiga, in ya kife da ɗaya ya kife da su duka.

Furta kalmar jabu ba ya cin komai, tabbatar da ita ne aiki. Ƙirƙirar takarda laifi ne, kuma sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce duk inda aka yi zargin laifi, ko da a shari'ar da ba ta laifi ba ce, sai an tabbatar da shi har ba sauran kokwanto. Manyan kotuna sun sha nanata cewa mai zargi ya zo da takardu biyu, ta gaskiyar da aka kwaikwaya da ta ƙaryar, a shimfiɗa su gefe da gefe. A kan wannan shimfiɗawar aka gina wani ilimi sukutum, wanda wani Ba'amurke, Albert Osborn, ya rubuta masa babban littafi tun 1910: ilimin sa takarda ta ba da shaida a kan kanta.

Ni dai ba kujerar gwamna ce ta tsaya mini a rai ba bayan an tashi daga waccan shari'ar. Takardun da ke ƙasan akwatunan gidaje ne, daga Gwandu har Augie. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, kowa ya ƙara sanin darajar fadama. Gonar da kakanni suka bayar aro ko jingina da fatar baki, a gaban mai gari da shaidu biyu, yau jikoki ke tsaye a kanta, shaidun kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. Sai kowane ɓangare ya koma gida neman takarda. Inda duk ake neman tsohuwar takarda ido rufe, za a sami mai tsufar da sabuwa: a jiƙa ta da ruwan shayi, a shanya ta inda hayaƙi ke bi, a nannaɗe ta har gefenta ya lanƙwashe. Launi yana ruɗin ido. Haruffa ne ba su cika yarda a yi ƙarya da su ba.

Wanda ya taɓa zama kusa da akawu a ofishin En'e, ko gindin bishiyar da masu buga takardar rantsuwa ke zama a bakin kotu, ya san sautin tafireta: ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai 'yar ƙararrawa ta kaɗa a ƙarshen layi, akawu ya ture kan na'urar da hannun hagu. Imperial ta Ingila, Olympia ta Jamus, Olivetti ta Italiya, Remington ta Amurka, su ne suka yi aikin ofis a ƙasar nan shekara da shekaru. Kowane harafi a cikinsu yana zaune ne a kan sandarsa ta ƙarfe. In akawu ya danna, sandar ta tashi ta mari ƙyallen tawada, ƙyallen ya mari takarda. Sanda arba'in da 'yan kai, kowace tana shan duka dubbai a mako, a cikin ƙurar hunturu da zafin bazara. Ba yadda za a yi su tsufa iri ɗaya.

Wata sandar takan ɗan karkace, sai harafinta ya riƙa jingina hagu ko dama. Wata takan sa nata harafin ya hau sama da layi kaɗan, ko ya nutse ƙasa. Sanda biyu su yi karo a hanya, ƙafar "r" ta guntule, ko wutsiyar "y" ta ɓalle. Haruffa masu ciki irin su "e" da "a" da "o" sukan toshe da dattin tawada, su fito baƙi ƙirin kamar an cike su da gangan. Wani harafin yakan fi nauyi ta sama, ƙasansa ya dushe, domin ba ya sauka daidai a kan takarda. Tabo ɗaya ba hujja ba ne, dubban na'urori na iya samun toshewar "e". Amma a ce "e" ta toshe, "t" ta jingina dama, "n" ta hau sama, "g" ta guntule a wuri ɗaya, a takarda biyu daban-daban, to da wuya ƙwarai a ce ba na'ura ɗaya ce ta haife su ba. Kamar tsagar fuska ce: mutanen da suka san Kabi ba sa buƙatar a gaya musu ɗan gidan wa ke tafe.

Gwamnatocin da ke tsoron rubutu sun yarda da wannan ilimin fiye da kowa. A Romaniya, a 1983, gwamnatin Ceausescu ta wajabta wa duk mai tafireta ya yi mata rajista wurin 'yan sanda, ya ba da samfurin haruffanta, don in an tsinci takardar suka a san daga ɗakin da ta fito.

Akwai kuma alamomin da ke raba bugun tafireta da na kwamfuta tun kafin a kai ga tabo. A tafireta ta hannu kowane harafi rabonsa ɗaya, siririyar "i" da faffaɗar "m" fili ɗaya suke ci, galibi haruffa 10 ko 12 a kowane inci. Shi ya sa in ka ɗora ma'auni a tsaye za ka ga haruffan layin sama sun hau kan na ƙasa daidai, kamar jerin tubali. Kwamfuta kuwa kowane harafi gwargwadon jikinsa take ba shi wuri. Da yawa daga tsofaffin na'urori ba su da lamba 1 sam, sai akawu ya buga ƙaramar "l" a madadinta, don haka 1961 takan fito da "l" biyu a gaba da baya. Ƙyallen tawada yana barin sawun saƙarsa a jikin harafi, ana ganinsa da madubin ƙara girma. Yatsun mutum ma ba ƙarfinsu ɗaya ba: "a" da ɗan ƙaramin yatsan hagu ake buga ta, takan fito a dushe kusa da harafin da manuniya ta buga. A yau akwai zubin haruffan kwamfuta da aka zana su yi kama da na tafireta, har da tabon ƙarya, amma "e" ɗinsu ta layin farko da ta layin ƙarshe tagwaye ne, ba bambanci ko na ƙwayar gero. Hannun ɗan Adam bai taɓa buga harafi sau biyu iri ɗaya ba.

Sai kuma ha'incin da ya fi yawa, wanda ba ya buƙatar sabuwar takarda: a ɗauki ta gaskiya a ƙara mata layi, ko a ƙara sifili a bayan kuɗi, ko a cusa sunan wani cikin magada. Takardar da aka zare daga tafireta ba ta komawa mazauninta na farko daidai, ko da akawun nan ne da na'urar nan. Mai bincike yakan ɗora gilashi mai zanen layuka a kai, nan take layin da aka cusa ya fita daga sahu.

Mu masu rubutun Hausa muna da namu ƙarin shaidun da littattafan Turawa ba su ambata ba. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta kai su ko'ina. Amma wannan aikin maɗaba'a ne. Tafiretar ofis da aka yo wa Ingilishi ba ta san su ba. Akawu ko dai ya bar su ba ƙugiya, ko ya sa musu alama a gefe ko ɗigo a ƙasa, ko ya bi su da alƙalami bayan ya zare takarda. Takardar cinikin gona da aka ce an buga a ofishin hakimi a shekarun 1960, ga ta da ƙ da ɗ masu ƙugiya sumul, zubinsu ɗaya da sauran haruffa, tana buƙatar bayani: wace na'ura ce, kuma ina sauran takardun da ta buga? Haka alamar naira. Tsofaffin na'urori da alamar fam suka zo, shi ya sa akawuna suka riƙa buga N su dawo baya su ɗora mata layi biyu, ko su sa ta tsakanin layuka biyu-biyu. Har tsakaninmu da maƙwabta akwai bambanci: 'ya'yan da muke rubutawa da alama a gaban y, a Nijar da y mai ƙugiya ake rubuta su. A jihar da ke da iyaka da Dosso, wannan ma abin lura ne.

Kafin a kai ga madubi, akwai tambayar da ta fi sauƙi: shin abin da takardar ta ambata ya wanzu a ranar da ta ce an rubuta ta? Naira da kobo sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973, kafin nan fam da sule ake yi. Yankin Kebbi na yau yana cikin Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, ya koma Jihar Sakkwato a 1976, sai ranar 27 ga Agustan 1991 aka haifi Jihar Kebbi. Wayar salula ta zamani ta shigo a 2001. Takarda mai kwanan watan 1970 da ke lissafi da naira, ko ta 1988 mai kan sarki na Jihar Kebbi, ko ta 1995 mai lambar salular zamani a samanta, ta riga ta yi wa kanta shari'a.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga almajiran ilimi. A ƙarni na biyar na Hijira an kawo wa wazirin Bagadaza wata takarda da aka ce ta zamanin Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ta ɗauke wa mutanen Haibar jiziya, da sunayen Sahabbai a matsayin shaidu. Aka nuna wa malamin hadisi Al-Khaɗib al-Bagdadi. Ya duba ya ce ƙirƙirarriya ce, domin cikin shaidun akwai Mu'awiya, wanda bai musulunta ba sai shekarar buɗe Makka, bayan Haibar, akwai kuma Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu bayan yaƙin Handaƙ, tun kafin Haibar.

Kusan shekara dubu bayan haka aka sake irin wannan kuskuren, a kan maƙwabciyarmu. Wasu takardu suka ɓulla a Italiya da kan sarkin gwamnatin Nijar, suna nuna wai Yamai ta yarda ta sayar wa Iraƙi tan 500 na yuraniyom. Zargin cewa Iraƙi na neman yuraniyom a Afirka har ya shiga jawabin Shugaba Bush na Janairun 2003. Da takardun suka isa hannun hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ba a daɗe ba aka gano wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoban 2000 ɗauke da sa hannun Allele Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar wannan kujera tun 1989. Ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Kwana 13 bayan haka aka fara yaƙin. Duk lokacin da na tuna wannan, nakan ji nauyin abin: an ɗauki sunan ƙasar talakawa an yi ƙarya da shi, an gano ƙaryar a kan lokaci, kuma ganowar ba ta tsayar da komai ba. A gida ma irin wannan tuntuɓen ne ya tona takardar yafe hidimar ƙasa ta Minista Kemi Adeosun a 2018. Tana ɗauke da kwanan watan Satumban 2009 da sa hannun shugaban hukumar hidimar ƙasa da ya bar ofis tun Janairun shekarar. Ministar ta ce ba ta san ta jabu ba ce, ta ajiye aiki.

Zuwan kwamfuta ya sauƙaƙa wa maƙirƙira aiki, ya kuma haƙa musu sabon rami, domin kowane zubin haruffa yana da ranar haihuwa. A Satumban 2004 gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna wasu takardun soja da aka ce an buga a 1972 da 1973 game da hidimar George Bush a ƙuruciyarsa. Cikin kwana ɗaya mutane suka lura haruffan ba rabonsu ɗaya ba kamar na tafiretar ofis. Wani ya sake buga rubutun a Microsoft Word bai canza komai ba, ya ɗora a kan hoton takardar, layi ya hau kan layi. Gidan talabijin ya nemi afuwa, wasu ma'aikata suka rasa aikinsu. A Pakistan kuma, a 2017, kwamitin da ke binciken dukiyar iyalin Firaminista Nawaz Sharif ya ce wata takardar amana da 'yarsa Maryam ta gabatar, mai kwanan watan Fabrairun 2006, an buga ta da zubin Calibri, wanda bai shiga kasuwa ba sai Janairun 2007. Calibri shi ne wanda Word ta riƙa buɗewa da shi daga 2007, ya maye gurbin Times New Roman, kuma daga 2023 Microsoft ta fara maye gurbinsa da Aptos. Yaron da ke shagon kwamfuta a kasuwa bai cika taɓa wannan zaɓin ba. Abin da na'ura ta ba shi, da shi yake bugawa, ko da takardar 1985 aka ce ya yi.

Dole a faɗi iyakar wannan ilimi, don kada a mai da shi makamin ɓata mutane. Lauyoyin Maryam sun kafa hujja da cewa akwai Calibri na gwaji kafin 2007, kotun da ta sauke mahaifinta a Yulin 2017 a kan wani dalili daban ta dogara, ita kuma an wanke ta a ɗaukaka ƙara a 2022. A shari'ar Alger Hiss, tsohon jami'in gwamnatin Amurka da aka yanke wa hukuncin ɗauri a 1950, an danganta takardun sirri da tafiretar gidansa samfurin Woodstock ta hanyar kwatanta su da tsofaffin wasiƙun iyalinsa. Daga baya lauyoyinsa suka sa wani gwanin gyaran tafireta, Martin Tytell, ya ƙera wata na'urar mai irin tabon waccan, ya kuma yi, bayan aikin kusan shekara biyu. Kotu ba ta sake shari'ar ba, amma an ga cewa tabon ma ana iya kwaikwayonsa in akwai gwaninta da lokaci. Sannan ga abin da ya fi shafar mu: ba kowace sabuwar takarda mai tsohon labari ce ƙarya ba. Ambaliya takan ci takarda, gara takan ci, gobara takan ci, mutum ya koma makarantarsa ko ofishin da ya ba shi a sake buga masa. Haruffan na yau ne, maganar ta gaskiya ce. Abin da ke raba wannan da jabu shi ne kundin rajistar wanda ya bayar. Salisu Buhari, ɗan Kano da ya zama kakakin majalisar wakilai a 1999, ba madubi ne ya kayar da shi ba, Jami'ar Toronto aka tambaya ta ce ba ta san shi ba.

To a nan gizo ke saƙar. Duk abin da na lissafa, da tabon harafi da kundin rajista, yana buƙatar abin kwatantawa, mu kuwa muna zubar da shi. Duk lokacin da aka raba jiha ko ƙaramar hukuma fayiloli kan yi ƙaura, ba duka ke isa ba. Tsofaffin na'urori suna tafiya wurin 'yan gwangwan a kan nauyin ƙarfensu. Akawunan da za su kalli takarda su ce wannan bugun na'urar ofishinmu ce, "k" ɗinta ta daɗe da karyewa, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zauna da su ya rubuta abin da suka sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda tsagewar ta fi cuta shi ne mai gaskiyar da ba shi da abin da zai ajiye kusa da takardarsa.

Ba wai babu inda za a fara ba. Gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana riƙe da fayilolin Lardin Sakkwato na zamanin Turawa, har da na Gwandu da Argungu. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ga gidan tarihi na Kanta a Argungu da aka buɗe tun 1958. Aikin da ake buƙata bai fi ƙarfin ɗalibai kaɗan na Kwalejin Waziri Umaru ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ba: a bi tsofaffin makarantu da kotuna da ofisoshin hakimai, a ɗauki hoto mai kyau na takarda biyu ko uku daga kowace shekara, da kan sarkinta da hatiminta da sa hannun mai ofis, a rubuta wa ya riƙe kujerar daga yaushe zuwa yaushe. Alƙalin da ke da irin wannan kundin a gabansa ba zai dogara da rantsuwar ɓangare biyu kaɗai ba.

Su ma masu takardu a gida akwai abin da ke hannunsu. Fotokwafi ba ya maye gurbin asali, domin yana shafe sawun ƙyalle da zurfin bugu da launin tawada, kwafin kwafi kuma yana kumbura haruffa har tabon ya ɓace. Takardun CBS ma kwafi ne kawai, ba wanda ya kawo asalinsu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda mutane, da kyakkyawar niyya, ke kai takardar gonar kakansu shago a liƙe ta cikin leda da zafi don kada ta lalace. Ledar ba ta fita sai da fatar takardar. Tafireta ta hannu da ƙarfi take bugu, aya da waƙafi sukan tura takarda har su yi ƙurji a bayanta, wani lokaci su huda ta. In ka juya takardar ka shafa bayanta da yatsa za ka ji su, layi bayan layi, abin da injin buga takarda na kwamfuta ba ya bari. A ajiye ta a miƙe cikin fayil, nesa da danshi da gara, a riƙa yawo da kwafinta, ita kuwa a bar bayanta a buɗe yadda yatsa zai iya kai wa gare shi.